Awo da Shaida: Yadda Tafiyar Ƙasa Ta Zama Gasa

Lokacin wasannin Olamfik na Faris a 2024, muna zaune a majalisarmu ta Tudun Wada bayan la'asar, sai ƙanen wani abokina ya miƙo mini waya. "Yaya, don Allah dubi waɗannan, wai gasar tafiya suke yi." Maza ne kusan hamsin a kan kwalta, gumi na tsiyaya, ƙugu na karkacewa hagu da dama, gwiwar hannu na kai da komo. Waya ta zaga majalisa, aka yi ta dariya, wani ya ce ai wannan rangwaɗa ce. Sai wani dattijon tela da ke zama da mu ya karɓa, ya gyara tabarau, ya ce a tsayar masa da hoton. Aka tsayar. Ya nuna ƙasan allon da farce ya ce, "Ku duba nan, 'ya'yana. Ƙafafunsa biyu duk a sama suke. Wannan gudu ne."

Baba ya taɓo gardamar da aka fi shekara 150 ana yi a kan wannan wasa. A ina tafiya ta ƙare, a ina gudu ya soma, kuma wa zai shaida? Duk tarihin gasar a kan wannan tambaya yake kewaye.

Mu dai ba a ba mu labarin tafiya. Fatake sun yi ta takawa daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja su sayo goro, watanni a hanya, madugu na tsara musu zango. Alhazan da, ta ƙasa suka bi: Borno, Cadi, Darfur, har gaɓar Bahar Maliya, wasu su yi shekaru suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri, wasu kuma su zauna a Sudan ke nan, zuriyarsu na can har yau. A nan Zariya mun ga ayarin masu tattakin Arba'in da suka riƙa takowa daga Kano da wasu garuruwa. Yau da asuba ma, in ka tsaya a hanyar Shika ko ta Basawa, za ka ga matan Fulani da ƙoren nono a ka, sun baro ruga tun duhu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zama gasa, don babu wanda ya tsaya ya auna nisan, ya duba agogo, ya rubuta. Bukata ce ko ibada ta fito da mai tafiyar, in ya isa ya isa. Ra'ayina shi ne, Turawa ba su fi mu ƙarfin ƙafa ba. Abu biyu suka ƙara a kan tafiyar, awo da shaida, kuma hanyar da suka samo su ba mai kyau ba ce.

Caca ce ta kawo su. Manyan Ingila na da suna da barori masu tafiya a ƙasa kusa da keken dokinsu, kamar dai zagagen da ke gaban dokin Sarki ranar hawan sallah. Sai iyayen gida suka shiga gardamar bawan wa ya fi sauri da juriya, ana zuba kuɗi. Wanda ya saka dukiyarsa kuwa ba ya yarda da "an ce". Dole a auna hanya, a sa masu ido, a riƙe agogo. Daga barori abin ya koma sana'ar masu zaman kansu. A 1773 wani magatakardan lauya mai suna Foster Powell ya taka daga Landan zuwa York ya dawo, kusan mil 400, cikin ƙasa da kwana shida, ya ci kuɗin da aka saka.

Wanda ya fi kowa suna a wancan zamani shi ne Kyaftin Robert Barclay, mutumin Sikotilan. A 1809, a garin Newmarket, ya ɗauki alkawarin taka mil 1,000 cikin awa 1,000 a jere, a kan gini 1,000, kuɗin zinare na lokacin. Wanda bai yi lissafi ba zai ce mil ɗaya a awa ai ba komai ba ne, yaro ma zai yi. Wahalar tana cikin kalmar "kowace awa". Daga 1 ga Yuni zuwa 12 ga Yuli, kusan kwana 42, babu awar da zai tsallake, dare ko rana, ko ana ruwa. Dabarar da ya yi ita ce ya taka mil ɗaya a ƙarshen wannan awa, ya ɗora na gaba a farkon mai bi mata, ta haka ya riƙa samun hutun kamar awa ɗaya da rabi a tsakani. Iyakar barcin da zai iya yi a haɗe ke nan har sati shida. Duk wanda ya taɓa jinyar mara lafiya a asibiti, ana tashinsa kowane lokaci, ya san yadda rashin barci ke mai da mutum cikin kwana uku kacal. Barclay ya rame ƙwarai, amma ya kammala a gaban dubban 'yan kallo. Kuma kowane mil da ya taka, akwai masu shaida a tsaye suna rubutawa, don dukiya mai yawa ce ke rataye a kan sahunsa.

A Amurka kuwa labarin ya soma da wani abu da zai tuna wa ɗan Najeriya shekarar 2015. Edward Payson Weston ya yi gardama da abokinsa a kan zaɓen 1860, ya ce Abraham Lincoln ba zai ci ba, wanda ya faɗi kuma zai taka daga Boston zuwa Washington don bikin rantsuwa. Lincoln ya ci. A 1861 Weston ya taka mil 478 cikin kwana goma da awa goma, a cikin sanyi da ƙanƙara, ya isa bayan an gama rantsarwar da 'yan awoyi. Jaridu suka ɗauka, ya ga akwai abinci a ciki. A 1867 ya taka fiye da mil 1,200 daga Portland zuwa Chicago cikin kwana 26, aka ba shi dala 10,000. A 1909, yana da shekara 70, ya ratsa Amurka daga New York zuwa San Francisco a ƙasa.

Mu ma bayan zaɓen 2015 wani matashi ya tako daga Legas zuwa Abuja don murnar nasarar Buhari, aka tarbe shi gari gari, daga nan masu tattaki suka ɓarke ko'ina, wannan don gwamna, wancan don sanata. Ban raina wahalar kowa ba, tafin ƙafa ba ya ƙarya ga mai shi. Amma kowa ya tuna yadda mutane suka riƙa tambaya, wa ya bi su da dare? Wa ya san ba a tsayar da mota a daji ba? Mai gaskiya a cikinsu ba shi da abin da zai kare kansa da shi, don babu awo, babu shaida. Shi ya sa abin ya wuce kamar guguwa, bai bar ko tarihin da wani zai zo ya karya ba.

Turawa sun warware wannan matsala ta hanyar shigo da tafiyar cikin ɗaki. A shekarun 1870 aka riƙa shimfiɗa da'ira da garin katako a manyan zaure, irin Agricultural Hall a Landan da Madison Square Garden a New York, 'yan kallo su biya kuɗin ƙofa, malaman lissafi na ƙirga zagaye. Gasar kwana shida ce, kuma dalilin shidan addini ne: ba a yarda da wasa ranar Lahadi ba, sai a fara da tsakar daren wayewar Litinin, a tashi daren Asabar. Kowane ɗan gasa yana da 'yar bukka a gefen da'irar inda zai kwanta na 'yan awoyi, masu busa da kiɗa na yi, masu caca na ihu. Weston ya taka mil 500 cikin kwana shida a 1874. Shekara guda bayan haka Daniel O'Leary, ɗan asalin Ayilan, ya doke shi a Chicago. A 1880 Frank Hart, baƙar fata, ya yi mil 565 a New York, a zamanin da ƙofofi da yawa ke rufe ga irinsa. Mata ma sun shiga. Ada Anderson ta taka rubu'in mil a kowane minti 15, sau 2,700 a jere, a Brooklyn daga ƙarshen 1878 zuwa farkon 1879. Kusan wata guda ke nan ba ta samu barcin da ya kai minti goma sha biyar a haɗe ba.

Amma ko a cikin ɗakin, tambayar Baba tela ta biyo su. Wannan ya ce wancan sassarfa yake yi, magoya baya su kaure da faɗa. Lokacin da Sir John Astley, wani basaraken Ingila, ya saka ɗamarar kambu a 1878, sai ya cire takunkumin gaba ɗaya: kowa ya yi yadda ya ga dama, ko tafiya ko gudu, mil kawai za a ƙirga. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida ce George Littlewood ya yi mil 623 a 1888, wato sama da kilomita 1,000 cikin kwana shida, nisan da ya wuce Zariya zuwa Legas. Sai a 1984 aka samu wanda ya karya wannan tarihi, Yiannis Kouros na Girka. Ba da daɗewa ba bayan Littlewood kasuwar ta mutu. Keke ya fito, tseren keke na kwana shida ya fi sauri da ban tsoro, ga zargin sayar da wasa da ke bin duk abin da caca ta shiga. 'Yan kallo suka watse.

Abin da ya tsira shi ne ɓangaren masu yi don sha'awa, waɗanda suka kafa ƙungiyar wasannin guje-guje ta Ingila a 1880, suka riƙe tsohuwar ƙa'idar diddige da yatsa: kada yatsan ƙafar baya ya bar ƙasa sai diddigen ta gaba ya sauka. Da wannan aka shiga Olamfik na Landan a 1908, inda wani ɗan sanda, George Larner, ya ci zinare biyu. Rigimar alƙalanci a 1924 ta sa aka cire wasan a 1928. Ya dawo a 1932 da kilomita 50, aka ƙara kilomita 20 a 1956. Mata sai a 1992 aka ba su dama.

Yau doka biyu ce. Ta farko, kada a ga ƙafafu biyu sun rabu da ƙasa lokaci guda. Ta biyu, ƙafar da aka jefa gaba ta sauka da gwiwa a miƙe, ta zauna a miƙe har jiki ya zo daidai kanta. Ta biyun ce ke haifar da abin da ya ba majalisarmu dariya. Mai gudu yana lanƙwasa gwiwa ya yi tsalle, da haka yake tsawaita taku. An hana mai tafiya wannan, don haka ba shi da inda zai samo tsawon taku sai a ƙugu: ya juya shi gaba tare da ƙafar, ya sauke shi ta ɓangaren da babu nauyi, ya jera sahunsa a kan layi ɗaya kamar mai bin kunya a gona. Sauran kuma yawan taku ne, uku ko fiye a daƙiƙa guda. Na gwada da kaina wata safiya a gefen titin Samaru. Kafin in kai fitila ta biyar ƙwaurina ya ɗauki zafi kamar an ɗora garwashi, don naman gaban ƙwauri ne ke ɗaga yatsu sama kowane taku domin diddige ya fara sauka, kuma tafiyar yau da kullum ba ta horar da shi haka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda jiki da kansa ke roƙon a bar shi ya yi gudu.

Nan ne asalin wuyar take. Mutum na tafiya kamar kilomita biyar a awa. In ya kai bakwai zuwa takwas, sassarfa ta fi masa sauƙi, jiki kan sauya ba tare da an umarce shi ba. Gwanayen duniya suna yin ninkin wannan, kusan kilomita 15 a awa, suna danne wannan sha'awa a kowane taku. Tarihin kilomita 20 na maza bai kai awa ɗaya da minti 17 ba. Daga Samaru zuwa Ƙofar Doka da dawowa ya ɗara kilomita 20, sai mai karatu ya kwatanta. Yohann Diniz na Faransa ya yi kilomita 50 a 2014 cikin awa 3 da minti 32 da daƙiƙa 33, fiye da rabin hanyar Kaduna ke nan.

To, Baba ya yi gaskiya? Ya yi. A irin wannan sauri, na'urar ɗaukar hoto kan kama kusan kowane gwani yana sama na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. Masu dokar sun sani, shi ya sa suka rubuta cewa rabuwar da idon ɗan Adam zai iya gani ita ce laifi. Alƙalai kan jeru a kan da'ira mai tsawon kilomita ɗaya ko biyu, ba sa duba bidiyo, ba sa shawara da juna. Wanda ya ga ɗan gasa na neman karya doka zai nuna masa ɗan allo mai ruwan ɗorawa don gargaɗi. In ya tabbatar da laifi sai ya aika jan kati. Alƙali ɗaya ba ya ba mutum ɗaya jan kati sau biyu. Uku daga alƙalai daban-daban kan sa a tsare mutum a gefe, minti biyu in gasar kilomita 20 ce, na huɗu kuma kora.

Akwai masu cewa wannan yaudara ce, a sa na'ura ta yi hukunci kowa ya huta. Na fahimce su, musamman in aka tuna Olamfik na Sidni a 2000. Jane Saville ta Ostareliya tana kan gaba a ƙasarta, tana dab da shiga filin da ya cika da mutanenta, alƙali ya fito ya ɗaga mata jan allo, alamar an kore ta. Ta fashe da kuka a wurin. A gasar maza kuma Bernardo Segura na Meziko ya riga kowa isa, yana kan waya shugaban ƙasarsa na taya shi murna aka zo aka gaya masa an kore shi, zinare ya koma hannun Robert Korzeniowski na Folan. Irin wannan na sa wa mai kallo shakka. Duk da haka ni ina tare da idon alƙali. Mu da muka saba da musabaƙar Alƙur'ani mun san kunnen malamai ne ke hukunta madda da gunna, ba agogon daƙiƙa ba, kuma ba mu ce musabaƙa yaudara ce ba. Abin da ake nema shi ne alƙalan su ƙware, su yi yawa, kada ɗayansu ya iya yanke hukunci shi kaɗai. Mummunar yaudarar da ta taɓa wasan ma ba daga ƙafa ta zo ba, daga jini ne: cibiyar horo ta Saransk a Rasha, inda aka kama 'yan wasa da dama da ƙwayoyin ƙara kuzari, aka haramta wa kocinsu Viktor Chegin harkar har abada, aka ƙwace zinaren kilomita 50 na Olamfik ɗin 2012 daga hannun ɗan Rasha aka ba Jared Tallent na Ostareliya bayan shekara huɗu.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ta gutsure nisan. An yi kilomita 50 na ƙarshe a Olamfik a Sapporo ta Japan a 2021, aka soke shi, wani ɓangare saboda babu takwaransa na mata, wani ɓangare kuma saboda awa huɗu ta yi wa talabijin tsawo. Gyaran da ya dace shi ne a buɗe wa mata, ba a rufe wa kowa ba. Doguwar tafiya ta ainihi yanzu tana hannun masu sha'awa. A Ingila tun 1911 akwai ƙungiyar da ba a shiga sai an taka mil 100 cikin awa 24, kusan Zariya zuwa Kano a yini da kwana ɗaya, a gaban alƙalai, a ba mutum lambarsa ta har abada. A tsibirin Man ana gasar mil 85 duk shekara. A Nijmegen ta Holan dubun dubatar mutane kan yi tafiyar kwana huɗu, al'adar da ta faro tun 1909.

Wasan ba na masu kuɗi ba ne. Zinaren Olamfik na farko a tarihin Ikwado, Jefferson Pérez ne ya ciwo shi da tafiya a 1996, kuma ɗan talakawa ne. Hatem Ghoula na Tunisiya ya ci tagulla a gasar duniya ta 2007, Samuel Gathimba na Kenya ya zo na huɗu a ta 2022. Takalmi da hanya da mai koyarwa, kayan aikin ke nan.

A Zariya kuwa tafiyar ƙasa abin kunya ce. In aka ga magidanci yana takawa daga Kwangila zuwa PZ, sai a tsaya a ce, "Malam, lafiya? Ina mashin ɗin?" Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 masu takawa sun ƙaru, ɗalibai da ma'aikata da leburori, kowa na sunkuyar da kai kamar wanda aka kama. Ga shi kuma garin na da duk abin da ake bukata. Akwai jami'ar Ahmadu Bello da filayenta da malaman wasanni. Akwai Daffo, inda ake horar da kuratan soja, da tsofaffin sojojin da suka san yadda ake kula da bororon ƙafa da ƙishirwa a doguwar tafiya. Akwai makarantun sakandare birjik. Akwai 'yan mata da iyayensu ba za su bar su su yi gudu a fili ba, amma mai yiwuwa su yarda da tafiya, tunda ana iya yin ta da dogon wando da hijabi.

Ba na fatan a fara da tattakin Zariya zuwa Abuja, hanyar ba ta da tsaro, kuma za a koma gidan jiya na wa ya gani. A fara da da'irar kilomita ɗaya da aka auna da kyau, a cikin harabar makaranta, lokacin hunturu, bayan sallar asuba kafin rana ta ɗaga. Kilomita uku ga yara, biyar ko goma ga manya. Kyauta daga 'yan kasuwa, ba kuɗin caca ba. Littafi guda da za a rubuta suna da lokaci, a ajiye shi, domin yarinyar da za ta zo baɗi ta san abin da za ta karya. Sai alƙalai aƙalla biyar da aka koya wa kallon gwiwa da diddige, waɗanda za su iya ɗaga wa ɗan unguwarsu kati.

Da na kai wa Baba tela wannan magana a shagonsa, bai ɗago daga kan keken ɗinki ba sai da ya kai ƙarshen layin. Ya yanke zare ya ce kakansa shekara bakwai ya yi tsakanin fita Makka da dawowa, kuma babu wanda ya rubuta ko sunan zango ɗaya. Sannan ya tambaye ni ƙarfe nawa za a fara, don shi in alƙalanci ne yana so a sa shi a kan kwanar hanya, inda yara za su fi samun damar sata.